Yadda Muka Fitar da Zaure a Cikin Falonmu

Gidan da muke ciki a wajen Palladan, a Zariya, irin ginin zamanin nan ne. Falo ɗaya ne dogo, wurin cin abinci yana cikinsa, kicin yana can ƙarshensa, kuma babu ƙofa tsakaninsu sai wata faffaɗar baka da aka bari a buɗe. Lokacin da ake ginin, duk wanda ya zo sai ya yaba, ya ce ga fili ga iska. Filin kuwa akwai shi, iskar ma akwai. Abin da babu shi ne wurin da mace za ta tsaya ta tuƙa tuwo ba tare da baƙon da ya yi sallama ya hango ta ba.

Ni a cikin Birni na tashi, a gidan ƙasa. Wanda ya san irin waɗannan gidaje ya san baƙo ba ya faɗa wa iyali haka kawai. Zaure ne ke tarbarsa, daga nan sai shigifa, sannan tsakar gida. Kuma magina na da ba sa saita ƙofar zaure ta waje da ta ciki, sukan goce da ɗaya gefe, don haka ko ƙofofin a buɗe suke mai wucewa bango kawai zai gani. Ba wai ba su iya faffaɗan ɗaki ba ne. Babban Gwani Muhammadu Durugu, wanda ya gina Masallacin Juma'a na Zariya zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, da ƙasa da azara ya ɗaga bakan gizon da ya rufe fili mai faɗi. Sun iya faɗi, amma sun san inda ido ya kamata ya tsaya. Mu da muka tare a sabon gida mun sami faɗin, mun rasa wancan.

Yadda 'yan jere suka ajiye kujeru ranar tarewa, haka suka zauna shekara da shekaru: duk an manna su da bango, an zagaye falon da su kamar ɗakin jiran likita, tsakiya kuma an dasa wani ƙaton tebur mai gilashi. Talabijin yana bangon yamma, yana kallon tagogin gabas, da hantsi ba ka ganin komai a jikinsa sai hasken taga. Wanda ya fito daga ɗakunan kwana zai shiga kicin, tsakiyar hira zai ratsa. Idan abokan maigida suka zo, yara su kwashe littattafansu su koma ɗaki, ni kuma hijabina yana rataye a ƙusa bakin kicin, da shi nake girki ko a tsakiyar watan Afrilu. Surukata, wadda muke kira Inna, idan ta zo mana kwana biyu ba ta taɓa cire mayafi a falon nan. Wata rana ta ce da ni, "'Yar nan, gidanku yana da kyau, sai dai mutum bai san inda zai miƙe ƙafa ba." Maganar ta zauna mini, domin abin da nake ji ne na kasa faɗa.

Shawarar farko da kowa ya kawo ita ce a ja bango. Maigida ma can ya karkata, har ya kira birkila ya zo ya duba. Bulo mai inci 6 ya isa, in ji shi, tunda ba nauyi zai ɗauka ba. Ni ce na ce a dakata. Falon yana da manyan tagogi biyu a gabas da ɗaya a yamma kusa da ƙofar shiga. Da damina iskar da ke sanyaya gari daga kudu maso yamma take zuwa, ta shigo ta tagar yamma ta ratsa ta fita. In aka ja bango har sama, ɓangaren iyali ya rasa wannan iskar, kuma duk wanda ya yi bazara a Zariya ba wuta ya san abin da hakan ke nufi. Sannan akwai abu ɗaya da nake so ƙwarai a wannan buɗaɗɗen gini: ina gaban murhu ina ganin autana yana rarrafe, ina jin karatun yayyensa. Ban yarda in rasa wannan ba.

Don haka kafin mu taɓa komai sai na fara da kallo. Na ɗauki wani lokaci ina lura da inda ƙafa ke bi. Ashe hanyoyi uku ne kawai ake bi a falon: daga ƙofar shiga zuwa ɗakunan kwana, daga ɗakuna zuwa kicin, daga kicin zuwa inda ake cin abinci. Dukkansu kuma ta kan kafet suke ratsawa, shi ya sa tsakiyarsa ya riga gefensa ƙoɗewa. Na kuma lura kujera mai zaman mutum ɗaya da ke lungun arewa ba wanda ke zama a kanta sai jakunkunan makaranta.

Awo bai ba ni wahala ba, domin tayil ɗin ƙasan santimita 60 ne kowane gefe. Na ƙirga 15 a tsawo, 8 a faɗi, wato mita 9 da mita 4.8, kimanin murabba'in mita 43 ke nan. Na yago takarda mai gida-gida daga littafin lissafin babbar 'yata, na mai da kowane gida tayil ɗaya, na zana ƙofofi da tagogi da inda soket yake da inda fanka take. Ƙofar shiga tana bangon kudu kusa da kusurwar yamma. Ƙofar da ke kai wa ɗakunan kwana tana bangon yamma, can gaba da rabi. Bakar kicin, mai faɗin tayil 4, tana bangon arewa ta ɓangaren gabas. Sai na yanka kwalin sabulu gwargwadon girman kowace kujera da tebur, muka zauna da maigida da dare muna tura su a kan takarda. Tura kwali ya fi ɗaga kujera mai zaman mutum uku sauƙi, kuma gardama a kan takarda ba ta ɓata wa kowa rai.

A kan wannan takarda ne na ga abin da ban taɓa gani da ido ba. Ƙofar shiga tana yamma, bakar kicin tana gabas. Wato dama ginin ya goce su, irin gociyar ƙofofin zaure, sai dai babu abin da ya tsaya a tsakani. In aka kafa wani shamaki daga bangon gabas, a tsakanin tagogin nan biyu, ya yi tsawon tayil 6, aka bar tayil 2 ta yamma a matsayin hanya, wanda ya tsaya a bakin ƙofa in ya miƙa ido ta wannan gurbi bangon arewa kawai zai gani. Kicin ya ɓuya ke nan ba tare da an rufe shi ba. Hanya kuma ta koma gefe ɗaya, ta bi jikin bangon yamma daga ƙofa har ciki, ba ta ratsa zaman kowa.

Ban yarda da takarda ita kaɗai ba. Muka ja alli a ƙasa, muka ɗaura igiyar shanya daga ƙarfen taga zuwa wata sanda da muka tsayar a bokitin yashi, na rataya tsofaffin zannuwan gado a kai. Haka muka zauna da wannan shamakin na zane muna gwadawa. Na sa ƙanen maigida, wanda ya fi kowa tsawo a danginsu, ya yi ta shigowa yana sallama, ni ina kicin ina tambayarsa me yake gani. A tsayin ƙafa 5 yana hango kaina. Da muka ɗaga igiyar zuwa ƙafa 6 ya ce babu abin da yake gani sai saman baka. Silin ɗinmu ƙafa 10 ne, don haka ƙafa 4 sun rage a sama, iska da haske su wuce. Gurbin hanya ma mun gwada shi da mutum ɗauke da tiren abinci. Santimita 90 yana isar mutum ɗaya, amma in biyu suka haɗu sai ɗaya ya karkace. Tayil 2, wato santimita 120, shi ne ya yi mana daidai.

Daga nan sai wajen kafinta a Sabon Gari. Dattijo ne mai haƙuri, ya karɓi takardata ya juya ta ya sake juyawa, sannan ya ce, "Malama, wannan ai kabad ne mai fuska biyu kike so." Na ce haka ne. Shi ya ba da shawarar a raba shi gida uku, kowane ƙafa 4, domin falankin da ake sayarwa ƙafa 4 ne a faɗi, 8 a tsawo, ba za a yi asarar yanka ba, kuma zai shiga ta ƙofa ba tare da an sha wahala ba. Muka tsaya a kan cewa ƙafa 4 na ƙasa su zama rufaffu, masu ƙofofi, ƙafa 2 na sama kuma a jera siraran katako a karkace irin na taga mai ganye-ganye, iska ta bi, ido ya tsaya.

Maganar katako ta ɗauke mu lokaci, kuma ta cancanci hakan. Akwai allon nan na garin katako da ake matsewa, mai santsi da ban sha'awa, ga arha. Kafintan ya ce in dai gidan ana goge ƙasa da ruwa kullum, ƙasansa zai sha ruwa ya kumbura ya rududduge. Muka tafi tare wajen 'yan katako, ya zaɓi busasshen madaci don ƙashin aikin. Na ga yadda yake ɗaga kowane guda ya ji nauyinsa, ya ƙwanƙwasa da bayan yatsa, ya runtse ido ɗaya ya duba miƙewarsa. Wanda ya yi nauyi fiye da kima sai ya ajiye, ya ce ɗanye ne, hunturu na farko zai tsage shi ya murɗe. Ya sa aka shafa maganin gara kafin fenti, ya yi wa kabad ɗin gajerun ƙafafu don tsumman goge ƙasa ya shiga ƙarƙashi. Abin da na fi matsa masa a kai shi ne kafewa. Abu mai tsayin ƙafa 6 a gidan da yara ke hawa komai ba abin wasa ba ne. Aka sa mai walda ya yi ƙarafa masu kusurwa, aka ɗaure gida na farko da bangon gabas, aka haɗa ukun da noti, na ƙarshen kuma aka kafe ƙafarsa a ƙasa. Kaya masu nauyi, irin su kuloli da manyan faranti, duk a gidajen ƙasa na zuba su.

Ɓangaren baƙi ya tashi tayil 6 a tsawo. Kujera mai zaman mutum uku ta jingina da kabad, mai zaman biyu ta koma ƙarƙashin tagar gabas, na ɗan janyo ta daga bango don labule ya samu sakewa, mai zaman ɗaya kuma ta tsaya jikin bangon kudu. Yanzu masu hira suna fuskantar juna a kusa, ba sai an ɗaga murya ba. Ƙaton teburin gilashin nan na sayar da shi, kuɗin ya shiga aikin kafinta. A madadinsa na sa ƙananan tebura biyu da ake iya ɗagawa da hannu ɗaya, ana barin kamar santimita 45 tsakaninsu da kujera don gwiwa ta wuce. Kafet ɗin ma ƙarami na sa, ƙafafun kujeru na gaba suna kansa, bai kai hanya ba. Bakin ƙofa aka kafa 'yar kantar takalma, ga buta a gefe. A gurbin hanya mai walda ya sa sandar ƙarfe, na rataya labule mai kauri. Yawancin yini a zuge yake, sai an yi sallamar namiji ake sakinsa, kuma yaran sun riga sun saba, ko ban ce ba wani zai ruga ya ja shi.

Inda muka fi jan magana da maigida shi ne talabijin. Shi yana so ya zauna wajen baƙi saboda ƙwallo. Ni na ce masu kallonsa kullum yara ne da ni da Inna, baƙi kuwa hira ke kawo su. Ya ce, "To ranar wasa fa, Malama?" Na ce abokan da ke zuwa kallon ƙwallo ai ba baƙi ba ne, 'yan gida ne, ranar sai a zuge labule su shigo, ni in gama girkina da wuri. Ya yi shiru, daga baya ya amince, ko da yake har yanzu in babban wasa ya zo yakan ce da ma a can yake. Aka kafa shi a fuskar kabad ta arewa. Inci 43 ne, ana zama kamar mita 2 daga gabansa, kuma tunda taga ta koma gefensa, hasken hantsi ya daina wanke shi. Mai gyaran wuta ya jawo soket ta jikin bango a cikin bututun roba, babu waya ko ɗaya a ƙasa. Shi ne kuma ya matsar da fanka ɗaya da ta faɗo daidai saman kabad, ya raba makunnin fitilu gida biyu, don kada a kunna falo duka saboda yaro ɗaya yana aikin gida. Da dare in muna kan sola wannan rabon yana taimaka wa batir.

Sai teburin cin abinci mai kujeru shida. Tsawonsa santimita 180, faɗinsa 90, kuma in ana so a ja kujera a zauna a tashi sai an bar masa wajen santimita 90 ta kowane gefe. Da na lissafa, ya cinye kusan murabba'in mita 10, wato ya tasam ma kashi ɗaya cikin huɗu na falon. Mu kuwa a ƙasa muke cin abinci, a shimfiɗa leda a zagaye kwano, haka muka tashi, haka muke jin daɗi. Na san akwai gidajen da teburin yake musu amfani kullum, su sai su bar masa filinsa. Namu dai muka tura shi jikin bangon arewa, gefen bakar kicin, muka bar masa kujeru uku. Ya zama teburin karatun yara, haske yana zuwar musu ta gefe daga tagar gabas. Da azumi a kansa nake jera kunu da ƙosai da kuloli kafin a kira salla. Sauran kujeru ukun suna sito, ana fito da su ranar suna ko Salla.

Da tebur ya kauce, sai fili ya buɗe a ɓangaren iyali, tayil 8 a tsawo. Ban cika shi da kaya ba. Babban kafet mai laushi, tumtum na fata guda huɗu, matasai a jikin bango, sai kujerar nan mai zaman ɗaya da a da jakunkuna ke hawa, na ajiye wa Inna ita kusa da taga saboda ciwon gwiwa. Jakunkunan kuma kowace ta sami ƙugiyarta a bayan ƙofar ɗakuna. Wani alheri da ban tsara ba shi ne na salla. Alƙibla a Zariya gabas take, ta ɗan karkata arewa, don haka mai salla tagar gabas yake fuskanta, hanya tana bayansa. Kowane sahu yana cin tayil 2. In ruwan sama ya hana maigida fita masallaci, shi a gaba, yara maza a bayansa, mu mata a baya, tayil 6 ke nan, ga sauran 2 na hanya, ba wanda zai gifta gaban mai salla. A da kuwa sai an ɗaga tebur an tura kujera kafin a shimfiɗa darduma.

Kicin shi ma ya sami nasa gyaran, domin buɗaɗɗen falo duk abin da tukunya ta fitar sai ya shiga labule da kushin. Aka huda bango aka sa 'yar fankar zuƙe hayaƙi a saman murhu. Suyar kifi da duk abin da ke da ƙauri na mayar da su bayan gida a kan kurfoti. Tukunyar gas mai kilo 12.5 da ke zaune ƙarƙashin kanta muka fitar da ita waje, a cikin kejin ƙarfe mai makulli da inuwa, tiyo ya ratso bango. Gas ɗin girki ya fi iska nauyi, in ya tsiyaya ƙasa yake kwanciya, daidai inda yaro mai rarrafe yake, kuma falonmu da kicin ƙasarsu ɗaya ce. Wannan kaɗai ya isa dalili. A bakar kicin kafinta ya yi 'yar gajeriyar ƙofa mai tsayin ƙugu, autana yana riƙe da sandunanta yana kallona, ba ya isowa wuta.

Ba komai kabad ya magance ba. Yana tare ido, ba ya tare sauti. In ana daka ko injin markaɗe yana aiki baƙo yana ji, kuma in baƙi suna maganar sirri sai su sassauta murya. Kafet da labule sun rage amsa-kuwwa, amma ba su kashe ta ba. Da hunturu kuma, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, ƙurar da ke shigowa ta tagogin gabas tana kwanciya a kan siraran katakon nan ɗaya bayan ɗaya, sai an bi su da ɗanyen tsumma. Aiki ne da ya ƙaru mini, na kuma karɓe shi da hannu biyu, domin yanzu da ɗankwali kawai nake girki ko falo cike yake da maza. Inna ma zuwanta na baya-bayan nan a kan kafet ta yi barcin rana, mayafinta a ninke a hannun kujera, alhali maigida yana can gaban kabad da baƙinsa.

Abin da ya rage shi ne tagar yamma. Daga la'asar rana tana dukanta kai tsaye, ɓangaren baƙi ya ɗauki zafi har bayan magariba, labule kuma in an sake shi iska yake tarewa. Mai walda ya zo ya auna, zai yi mata 'yar rumfa ta kwano daga waje, mun kuma yi da shi a gama kafin watan Maris.